Me za mu kira "banker" irin Levi Morton?

'Yan uwa masu aikin fassara, ina neman shawararku. Mun saba da zarar mun ga "banker" sai mu rubuta "ma'aikacin banki". Ga wanda ke zaune bayan kanta yana ƙirga kuɗi ana biyansa albashi, hakan daidai ne. To amma ku dubi Levi P. Morton.

An haife shi a jihar Vermont ta Amurka a 1824, ɗan wani fasto ne. Da tsaron shago ya fara, har ya zama babban ɗan kasuwar yadi a New York. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, 'yan kasuwar Kudu da suka karɓi kayansa bashi suka daina biya, ya karye. A 1863 ya kafa nasa kamfanin hada-hadar kuɗi, wanda daga baya ya koma Morton, Bliss & Co., da takwaransa a Landan, Morton, Rose & Co. Da ya farfaɗo, ya nemi tsofaffin masu binsa bashi ya biya su, bai rage musu ko sisi ba. Babban aikin kamfanin shi ne sayar wa masu kuɗin Turai takardun bashin gwamnatin Amurka da na kamfanonin jirgin ƙasa.

Wa ya ɗauki wannan mutum aiki da za a ce da shi ma'aikaci?

Sauran muƙamansa ba su ba mu wahala ba: ɗan majalisar wakilai daga 1879 zuwa 1881, jakada a Faransa, mataimakin shugaban ƙasa a zamanin Shugaba Benjamin Harrison daga 1889 zuwa 1893, sannan gwamnan New York.

Wani malaminmu ya ce a rubuta "ɗan banki", kamar ɗan kasuwa da ɗan jarida. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, kalmar ta zauna a baki, sai dai ta haɗa manaja da kashiya da mai gidan gaba ɗaya. "Ɗan canji" kuwa sana'a ce daban. "Dillalin jari" ya kama ainihin aikin, domin tsakanin mai kuɗi da mai neman kuɗi yake tsayawa, amma dillali la'adarsa kawai yake jira, asara ba ta hawa kansa. Su Morton abokan tarayya ne da suka zuba dukiyarsu, kamfanin da sunansu yake tafiya, in ya faɗi har aljihunsu ake bi.

Shi ya sa ni na tsaya kan "mai banki". Na san za a ce ai wanda ya sayi hannun jari a banki ma yana iya kiran kansa haka. Wannan muna da sunansa tuni: mai hannun jari.

Abin da ban gama yankewa ba shi ne jam'i. In Morton da abokinsa George Bliss ake nufi, "masu banki" ya isa. In attajiran New York na wancan zamani ne baki ɗaya, su J. P. Morgan, kunnena ya fi karɓar "masu bankuna". Ku fa?