Dan Allah a taimaka, salmon ɗina ya bushe ƙamas a obin, ina na yi kuskure?

Amaryar_Kicin:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu gasa kifin salmon a obin ku zo ku cece ni. Likita ne ya ce wa maigidana ya rage soye-soye da jan nama ya riƙa cin kifi mai maiƙo ko da sau biyu ne a sati, shi ne na ce bari in gwada salmon tunda kowa cewa yake ba shi da wahala, wai kafin ka gama haɗa salak ya gasu. To shekaranjiya na sayo yanka shida, na ɗauki biyu na jiƙa su cikin ruwan lemon tsami da tafarnuwa kusan awa huɗu dan ƙarnin ya fita, na kunna obin a digiri 200 na Celsius na saka na ba shi minti 35 kamar yadda nake wa cinyar kaza, dan ni gaskiya tsoron ɗanyen kifi nake. Wallahi da na buɗe sai na ga wani farin abu ya tsattsafo a jikinsa ya daskare kamar farin ƙwai, kifin kuma ya bushe, kana taunawa kamar kana tauna auduga. Maigidan bai ce uffan ba, ya dai yi ta kora ruwa, kun san irin shirun nan ya fi faɗa ciwo. Yanzu saura yanka huɗu a firiza kuma ba na so su ma su tafi a banza. Minti nawa ake ba shi ne? Farin abun nan lalacewa kifin ya yi ko me? Sannan fatar cirewa ake kafin a gasa ko bari ake?

Uwar_Biyu:

Wa alaikumus salam amarya. Minti 35? Haba ƙanwata ai kin yi masa kisan gilla hhh. Salmon ba kaza ba ne, tsokar kifi ba ta da jijiyoyin nan masu tauri da sai wuta ta daɗe a kansu kafin su saki, minti kaɗan ya ishe shi, duk abin da kika ƙara a kai ruwan jikinsa kawai kike matsewa. A 200 ɗin da kika sa, yankan da kaurinsa ya kai santimita 2 da rabi, kamar tsawon gaɓar ƙarshe ta babban yatsanki, minti 12 zuwa 15 ne. In kuma ɓangaren wutsiya ne da yake siriri to tun a minti 8 ki fara leƙawa. Kaurin yankan ake dubawa ba nauyinsa ba.

Ni ga yadda nake yi. Sai na fara kunna obin ya yi zafi sosai tukunna, kar ki saka kifi a obin mai sanyi. Kifin in fito da shi daga firij ya ɗan sha iska kamar minti 15, in sa tishu in tsane shi tas sama da ƙasa, in shafa yatsa a tsakiyar tsokar dan akwai wasu siraran ƙayoyi da suke maƙalewa a jere, in na ji su sai in zare. In shimfiɗa takardar gashi a tire, in kwantar da shi fata a ƙasa, man zaitun kaɗan, gishiri, masoro, dakakkiyar tafarnuwa, in yanka lemon siri-siri in ɗora a kai. Shi ke nan fa. Da minti 10 ta yi sai in sa cokali mai yatsu in ɗan danna inda ya fi kauri, in ya buɗe sala-sala kuma launin ya koma fari-fari to ya yi, ko da tsakiyar can ciki tana ɗan sheƙi ki fito da shi haka, zafin da ya riga ya shiga jikinsa zai ƙarasa shi a kan tiren cikin minti 3 zuwa 5. In kika jira sai ya yi miki kama da dafaffe sarai a cikin obin to kafin ya kai faranti ya wuce.

Kuma jiƙon awa huɗun nan shi ma ya taimaka wajen ɓata miki, tsamin lemon da kansa dafa kifi yake tun kafin ya ga wuta, shi ya sa za ki ga saman ya yi fari yana dagargajewa. Minti 15 ko 20 ya isa, ko ki bari sai ya gasu ki matsa a kai, ya fi ma ƙamshi. Fata kuma ki bar ta, ita ce take tare zafin tire, in ya gasu kina zura cokali tsakaninta da tsokar za ta rabu da kanta.

Gwauro_Mai_Tukunya:

Hajiya Uwar_Biyu ta gama magana, ni dai zan ɗan ƙara a kan farin abun. Bai lalace ba 'yar uwa, sunansa albumin, furotin ne da yake narke cikin ruwan tsokar kifin, idan zafi ya matse tsokar sai ya fito waje ya daskare, dangin farin ƙwai ne shi ya sa kika ga sun yi kama. Ana ci ba ya komai, muni ne kawai, amma yawansa yana nuna wutar ta yi yawa ko ta daɗe.

Inda zan ɗan saɓa da Hajiya da izininta shi ne 200 ɗin nan. Ni na daina. A 200 tsakanin ya yi daidai da ya bushe bai fi minti biyu ba, waya kawai za ta yi ƙara ka ɗauka ka dawo ka tarar an gama da kai, ya sha faruwa da ni. Yanzu a 135 nake sawa in ba shi minti 20 zuwa 25, yana fitowa da laushi daga sama har ƙasa, farin abun ma da ƙyar ka gan shi, kuma ko ka manta shi minti uku ba a yi asara ba. Aibinsa ɗaya ba ya yin ja a sama, in kina son wannan ɗan ƙonan na baki-baki to hanyar Hajiya ce.

Sannan dan Allah ki nemi ma'aunin zafin nan na abinci mai tsinke, shi ne zai cire miki tsoron ɗanye gaba ɗaya dan obin ƙarya yake, wani ka sa shi a 200 amma cikinsa ya wuce haka ko bai kai ba, in mai fanka ne ma sai an rage masa kamar digiri 20. Ki soka tsinken ta gefe zuwa tsakiyar inda ya fi kauri. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, digiri 63 ta ce a kai kifi. Masu girki a gidajen abinci da yawa tun a 52 zuwa 55 suke cirewa dan sun fi son shi da taushi. Ni ina cirewa a wajen 58 in bar shi ya huta, da kansa yake haurawa.

Wata dabara kuma, ruwan gishiri: babban cokali ɗaya a kofin ruwa ɗaya, ki tsoma kifin minti 10 zuwa 15 ki tsame ki tsane, yana rage farin abun sosai. In kin yi haka kar ki ƙara wani gishirin.

Amaryar_Kicin:

Kai na gode Anti, na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Ashe ni na kashe abuna da hannuna. To wanda yake firiza fa ya zan yi da shi, in zuba masa ruwan zafi ya saki? Kuma yayata da take da ciki tana so in gasa mata, ita ma a bar tsakiyar yana sheƙin?

Anti_Nas:

A'a, banda mai ciki. Mai ciki da ƙananan yara da tsofaffi da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni a kai musu shi 63 ɗin nan cif, maganar 52 ta masu lafiya lau ce da suka zaɓar wa kansu. Kuma 63 ba bushewa ba ce in an cire a kan lokaci, naki na minti 35 ai ya wuce nan nesa ba kusa ba. Amma ki gasa mata, salmon yana cikin kifayen da sinadarin makuri mai guba bai da yawa a jikinsu, ba irin kifin shak ko manyan kifayen da suke cin 'yan uwansu shekara da shekaru ba, FDA ɗin ma ta sa shi cikin waɗanda mai ciki za ta iya ci sau biyu zuwa uku a sati.

Maganar likitan maigidanki kuma daidai take da shawarar ƙungiyar masana zuciya ta Amurka, kifi sau biyu a sati musamman mai maiƙo. Maiƙon salmon shi ne omega-3, nau'in EPA da DHA, ga bitamin D da B12, ga furotin wajen giram 20 a kowane giram 100. Abin da yake ba ni dariya shi ne mutum ya sayo kifi dan lafiya sai kuma ya lafta masa bota da mayonis da ɗanɗano, kifin nan da mansa ya zo, ƙaramin cokali na man zaitun ya wadatar. Kuma in maigidan yana da hawan jini ki bar dabarar ruwan gishirin Malam Gwauro, ki cika masa lemon da tafarnuwa da citta, baki ba zai nemi gishirin da yawa ba.

Ki duba jikin ledar kuma ki ga wane iri ne. Yawancin wanda ake sayarwa na kiwo ne, nau'in da asalinsa na tekun Atilantika ne, Norway ce kan gaba wajen kiwonsa sai Chile, shi yana da kitse za ki ga farin layi-layi a tsokar, yana jure wuta. Na daji irin sockeye na tekun Pasifik ya fi ja kuma bai da kitse sosai, yana saurin bushewa, shi sai ki rage masa minti biyu ko uku.

Uwar_Biyu:

Ruwan zafi kuma? Kar ki soma, wajen zai dahu cikin yana ƙanƙara. Ki sauko da shi firij tun dare a faranti ki rufe, da safe ya saki. In a irin ledar nan yake da aka zuƙe wa iska ki fara cire shi daga ciki tukunna, akwai ƙwayar cutar da take son inda babu iska. In kina sauri ki sa shi a leda mai zif ki nutsa cikin ruwan sanyi, kina canza ruwan duk rabin awa, awa ɗaya ya isa. Kuma na firiza ya fi zubar da ruwa, ki tsane shi sosai in ba haka ba turara zai yi ba gashi ba.

Tunda abinci mai sauƙi kike nema, tire ɗaya nake yin komai. Dankali da karas su fara shiga su yi minti 20 zuwa 25 su kaɗai, sannan in matsar da su gefe in sa kifin da koren wake su ƙarasa tare. Kar ki saka su lokaci guda, ko dankalin ya fito da gama-gama ko kifin ya koma irin na shekaranjiya. Ranar da ba na son wanke tire kuma naɗe shi nake a foyil da yankakkiyar albasa da lemon, ya dahu cikin tururinsa, ƙarnin ma ba ya cika gida, sai dai a ƙara masa kamar minti uku. Abin da ya rage ya kan yi kwana uku a firij, ni da sanyinsa nake farfasa shi a salak dan ɗumame yana ƙara busar da shi.

Malam Gwauro naka na 135 ɗin zan gwada ran da ba ni da yara a kaina suna kukan yunwa.

Amaryar_Kicin:

Na dawo da rahoto. Yau na yi yanka biyu a 200, na tsaya a gaban obin ɗin kamar mai gadi ko wayata ban taɓa ba, minti 12 na danna ya buɗe sala-sala na fito da shi zuciyata tana ɗar-ɗar dan tsakiyar tana sheƙi, na rufe da foyil na je na jera faranti, kafin in dawo sheƙin ya tafi. Wallahi kamar ba kifin ranar nan ba. Na wajen wutsiyar ya ɗan bushe a bakinsa, da na cire shi tun a minti 9, kuma na yi karambani na shafa zuma kaɗan a ɗaya sai ta ƙone a jikin takardar ta yi baƙi, ina ga sai a ƙarshe-ƙarshe ya kamata a sa ta. Maigidan dai har fatar ya cinye ya kuma tambaya ko da saura. Biyun da suka rage na yaya ne, sai na samo ma'aunin tukunna. Malam Gwauro ana barin tsinken a jikin kifin ne a cikin obin ko sai an fito da tiren ake sokawa?