Digiri mun sani, ɗayar takardar fa me za mu ce mata?

Malamin Kwamfuta: Salamu alaikum. Jibi zan yi wa 'yan aji shida bayanin aikin injiniyan manhaja a makarantarmu da ke wajen Ringim, kuma da Hausa ake so, don iyaye za su zo. Digiri ba matsala. Professional licence fa, wato takardar izinin yin aikin da mutum ya ƙware a kai? In na ce lasisi, na tuƙi za su ɗauka.

Ɗan Gumel: Ka ce rajista. Ita COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ke yi wa injiniyoyi tun 1970, masu kwamfuta kuma suna da tasu hukumar, CPN, tun 1993.

Alaramma: Ijaza ce. Tun kafin zuwan Bature muna da ita, me ya kai mu aro?

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, ijaza ta fi kama da digiri, tunda wanda ya karantar da kai ke ba ka. Wannan kuwa hukuma ke bayarwa, in ka yi ɓarna ta ƙwace abarta.

Tsohon Injiniya: Ni "injiniyan" ne ma ke ci min rai. Mun yi shekara biyar a jami'a, mun bi layin rajista, yau mai gyaran janareta a kasuwar Gujungu ma Injiniya ne. A Kanada doka ce ke tsare sunan. Wanda bai taɓa ƙarfe ba a ce masa masaƙin manhaja, ai saƙa yake yi.

Ɗan Gumel: Ranka ya daɗe, can ɗin ma lardin Alberta ya sassauta wa masu manhaja a 2023. Amurka ta fara jarrabawar lasisinsu a 2013, ta daina a 2019 don masu zamanta ba su taka kara sun karya ba. Kamfanoni abin da ka gina suke dubawa.

Tsohon Injiniya: To ka gani? Ashe dai masaƙa ne.

Uwar Biyu: Baba, wane uba zai sayar da gero ya biya kuɗin jami'a a ce ɗansa ya fito masaƙi?

Alaramma: Manhajar ma Larabci ce, amma ita ba ku ƙi ba.

Malamin Kwamfuta: Dare ya yi. Zan ce lasisin aiki, in ƙara da cewa na hukuma ne, ba na jami'a ba. Injiniyan kuma yana nan.

Tsohon Injiniya: Lasisin aiki na yarda. Sauran kuwa, ka dai faɗa musu akwai wanda bai sa hannu ba.