Mai yi wa fasto tambaya ɗan Kora ne?

Shugaban matasa: Salama a gare ku, iyayena. An ce mana a wa'azi sandan Haruna ya raba gardama: wanda Allah ya ɗora ba a tambayarsa, mai tambaya kuwa ɗan Kora ne. Tun ranar Lahadi maganar nan take cina.

Dattijo: Ɗana, buɗe Littafin Ƙidaya sura 16 da 17. Kora ba bare ba ne, Balawe ne, wato ɗan kabilar Lawi, ɗan baffan Musa da Haruna. Ya haɗa baki da Datan da Abiram da shugabanni 250, duk masu suna a cikin jama'a. Ƙasa ta buɗe ta haɗiye wasu, wuta ta cinye 250 ɗin, kashegari annoba ta ɗauki mutum 14,700. Sa'an nan Ubangiji ya ce a kawo sanduna 12, kowanne da sunan shugaban kabila, a ajiye a alfarwa. Na Haruna kaɗai ya yi rai. Wannan ba abin wasa ba ne.

Uwar zumunta: Ni sandan ne yake ba ni tsoro. Busasshen itace fa, wanda aka yi ta dogarawa a jeji har hannu ya goge shi ya yi sulɓi. Mangwaron da na dasa a bayan ɗaki, sai da na yi shekaru ina masa ban ruwa kafin in ga fure. Wannan ba saiwa, ba ƙasa, amma dare ɗaya ya yi toho, ya yi fure, ya nuna 'ya'yan almon. Haruna bai zuba masa ruwa ba, bai tara magoya baya ba. Allah ne ya yi masa shaida.

Ɗalibin tauhidi: Mama, nan ne ƙashin bayan zancen. Baba, a yi mini afuwa, amma Kora ba tambaya ya yi ba. Musa ya fasa ƙwan a 16:10, aikin firist suke nema wa kansu. Kuma sandan ya tabbatar da kiran Haruna ne, bai ce ba ya kuskure ba. Shi ya ƙera ɗan maraƙin zinariya. Bayan sandan ya yi toho ma, a sura 20, saboda abin da ya faru a Meriba, inda Musa ya bugi dutse don ruwa maimakon yi masa magana yadda Ubangiji ya umarta, aka hana shi shiga ƙasar alkawari, ya rasu a Dutsen Hor. Yau babban firist ɗinmu Yesu Almasihu ne, in ji wasiƙar Ibraniyawa, kuma 1 Bitrus 2:9 ta kira dukan masu bi firistoci. Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya, ƙasa ba ta haɗiye shi ba.

Dattijo: Yi a hankali, ɗana. Kora ma da haka ya fara, wai dukan jama'a tsarkaka ne. Magana mai daɗi, zuciya na kan kujera. Ibraniyawa da kake dogara da ita, ita ce ta ce a 13:17 a yi biyayya ga shugabanni. Na ga ikilisiya ta tsage biyu a kan abin da aka fara da sunan tambaya kawai, har 'yan ɗaki ɗaya suka daina gaisawa.

Shugaban matasa: Baba, ni ba kujerar kowa nake so ba. Bayanin kuɗin gini na tambaya, domin matasa ne suka yi noman da aka sayar.

Uwar zumunta: To ai Musa kansa, a tsakiyar rikicin nan, ya faɗa wa Ubangiji ko jaki ɗaya bai karɓa daga hannunsu ba. Sama'ila kuma a gaban dukan Isra'ila ya tsaya ya ce wanda ya ƙwace wa sa ko jaki ya fito ya faɗa. Ba wanda ya fito.

Dattijo: Wannan kam ba ni da ja. Amma har yanzu ina nan a kan bakata, ba a nan ake tone-tone ba. Ɗana, ka zo zaman dattawa ranar Laraba bayan addu'a. Ni da kaina zan gaya wa ma'aji ya zo da littafin.