Neman shawara: zagaya tsohuwar tashar jiragen ruwan Hamburg a kwale-kwale

Rabi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu biyu ne za mu je Hamburg ta Jamus, muna son mu ga Speicherstadt, unguwar tsoffin sito-sito, ta cikin ruwa a kwale-kwale. Mun iya tuƙi a tafki, amma ba mu taɓa shiga ruwan tasha ba. Wane lokaci ya fi, kuma me za mu kiyaye?

Malam Habu: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Jadawalin cikowar ruwa za ki fara dubawa kafin komai. Hamburg tana da nisan kimanin kilomita 100 daga teku, amma kogin Elbe yana cikowa yana janyewa sau biyu a rana, bambancin tsayin ruwan tsakanin cikowa da janyewa kuma ya haura mita uku da rabi. Idan ruwa ya janye, magudanu irin su Nikolaifleet taɓo zalla suke komawa, wanda ba ya takuwa. In kwale-kwale ya kafe a can, sai dai ku zauna jiran ruwa sa'o'i. Ku shiga kamar sa'a biyu kafin ya cika, ku fito kafin sa'a biyu bayan ya fara sauka. Lokacin cikowar yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kullum, don haka jadawalin jiya ba zai yi muku yau ba.

Hajiya Talatu: Na ƙara da jiragen yawon buɗe ido, don su ne fitinar wajen. Magudanun matsattsu ne, bango tsaye hagu da dama, igiyar da jirgi ya tayar sai ta bugi bango ta dawo, ta same ku ta fuska biyu. Kada ku ba ta gefe. Ku ɗan karkata hancin kwale-kwalen ya fuskance ta, ku ci gaba da tuƙi, domin filafilin da ke cikin ruwa shi ke riƙe ku. Ku bi hannun dama, ku sassauta a bakin kowace gada da kwana, direban ba lallai ya hango ku ba. Wanda ya fi ƙwarewa ya zauna baya.

Rabi: Na gode Hajiya. To daga ina za mu taso?

Malam Habu: Daga tafkin Alster ana gangarowa ta ƙofofin ruwa biyu, Rathausschleuse da Schaartorschleuse. Ku tambayi mai ba da hayar tun farko ko ya yarda a wuce da jirginsa ta nan. A ganina tunda karon farko ne, ku bi ayari mai jagora. Babban kogin kuwa kada ku leƙa shi, hanyar manyan jirage ce.

Ɗanlami: Rigar kariya a jiki, a ɗaure, waya a jakar da ba ta shan ruwa. Wuraren fita kaɗan ne, tsanin ƙarfen bangon kuma santsi ne da gansakuka. Kallo dai zai biya ku: sito-siton jan bulo da aka fara ginawa a 1883 a kan turakun katako, inda aka riƙa ajiye kofi, shayi da kayan yaji, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Hoton Wasserschloss, sanannen ginin da ke tsakanin magudanu biyu a unguwar, ku ɗauke shi ɗaya bayan ɗaya, ɗayan yana riƙe da filafili.