Shan kafe kafin hawan keke: da gaske yana busar da ruwan jiki?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da tambayar da nake fatan wanda Allah Ya ba sani a kanta zai taimaka mini. Kusan shekara biyu ke nan ni da abokaina muna fita da kekuna daga Maradi kowace Lahadi bayan sallar asuba, wani lokaci mu je Tibiri mu dawo, wani lokaci kuma mu bi ta Jiratawa har bakin tafkin Madarunfa, wanda zuwa da dawowa ya haura kilomita 40. Kafin mu tashi nakan tsaya wurin mai shayin unguwarmu in sha kofi ɗaya na kafe da madara, in haɗa da rabin burodi, domin idan ban sha ba sai in ji ƙafafuna sun yi nauyi.

Lahadin da ta wuce mun makara, ba mu juyo ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ga shi muna cikin watan Afrilu. A hanyar dawowa kaina ya yi ta sarawa, jiri ya ɗebe ni har sai da na sauka na zauna gindin wata bishiya, kuma da na isa gida fitsarina ya fito kaɗan, launinsa kamar na shayin farko. Gorar ruwa ɗaya ce a wurina, mai cin rabin lita. Babbanmu a tafiyar ya ce kafen ne ya jawo, wai yana sa yawan fitsari yana tsotse ruwan jiki, don haka in daina sha gaba ɗaya ranar fita. Shin wannan magana tana da tushe?

Tsohon Mai Keke:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya ƙara sauƙi. Ni ba likita ba ne, amma na yi shekaru ina ɗauko kayan lambu a keke daga Jiratawa zuwa babbar kasuwa, tun kafin babura su cika gari. A wancan lokaci fura muke sha da safe, mu cika gora da ruwan randa, kuma ban taɓa ganin jiri ya kayar da ɗayanmu ba sai in rashin lafiya yake yi. Ni kaina idan na sha kafen nan, ba na cika awa ɗaya sai na nemi wurin kewayawa, bakina kuma ya bushe. Abin da ya fita daga jiki ai ya fita. Shawarata ita ce ka ji maganar babbanku, ka koma ga fura ko kunu.

Ma'aikaciyar Jinya:

Baba, Allah Ya ƙara girma. Abin da kuka lura da shi a jikinku gaskiya ne, kuma likitanci bai musa shi ba. A cikin kafe akwai sinadarin da ake kira kafeyin, wanda yake sa ƙoda ta rage mayar da gishiri cikin jini. Gishirin da ya fita kuwa yakan ja ruwa ya bi shi, sai fitsari ya ɗan ƙaru. Haka kuma yana zaburar da mafitsara, mutum ya ji yana son kewayawa da wuri ko da abin da ya taru bai kai ya kawo ba. Inda nake neman izinin saɓa muku shi ne wajen girman abin.

Ƙarin fitsarin yana fitowa fili ne ga wanda bai saba ba kuma ya sha mai yawa a zama ɗaya, kamar kofi uku masu ƙarfi a jere. Wanda yake sha kullum, cikin ƴan kwanaki jikinsa yakan saba, tasirin ya ragu sosai. Kada mu manta kuma cewa kofin kafe kusan duka ruwa ne, don haka abin da ya shiga ciki ya fi ƙarin da ya fita. A shekarar 2014 masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila suka wallafa gwajin da suka yi da maza 50 waɗanda suka saba da kafe. Sun ba su kofi huɗu a rana, kowanne mililita 200, har kwana uku, sannan a wani zagaye suka ba su ruwa zalla daidai wannan yawan. Da aka auna nauyinsu da jininsu da yawan fitsarinsu da jimillar ruwan da ke jikinsu, ba a sami bambancin a zo a gani ba tsakanin kwanakin kafe da kwanakin ruwa.

Ga mai hawan keke kuma akwai wani dalili da ya fi wannan ƙarfi. Da zarar mutum ya fara aikin ƙarfi, jiki yakan karkata jini zuwa tsokar ƙafafu da fata, ƙoda ta samu kaɗan, sannan a saki sinadaran da ke umartar ta da ta riƙe ruwa da gishiri. Shi ya sa wanda yake tsakiyar tafiya ba kasafai yake jin fitsari ba, ya sha kafe ko bai sha ba.

Ɗan'uwa mai tambaya, abin da ya kayar da kai gumi ne. Mai tuƙa keke cikin zafi yana iya zubar da lita ɗaya a awa, wasu har lita biyu, kuma a Maradi cikin Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40. Kai kuma ka yi awanni a hanya da rabin lita. Abin da ke yaudarar masu keke shi ne iskar da ke bugun su tana busar da gumin tun bai jiƙa riga ba, sai mutum ya ɗauka bai zubar da komai ba. Duba wuyan rigarka bayan tafiya, farin gishirin da za ka gani shi ne shaidar. A lokacin hunturu ma haka abin yake, domin busasshiyar iska tana ɗauke ruwa ta fata da ta numfashi alhali mutum ba ya jin zafi. Idan ka rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinka, wato kamar kilo ɗaya da ɗan wani abu ga mai kilo 65, ƙarfinka zai fara raguwa, ciwon kai da jiri su biyo baya. Ina jin tsoron ka bar kafe ka ɗauka ka magance matsalar, sannan ka sake fita da wannan ƴar gorar.

Furar da Baba ya ambata kuwa abin sha ce mai kyau ƙwarai ga matafiyi, tunda ta haɗa ruwa da gero da nono. Ina kyautata zaton ita da gorar ruwan randa ne suka tsare su, tare da sammakon da suke yi.

Malamin Motsa Jiki:

Malama ta gama magana a kan ƙoda, ni zan ƙara ta fuskar wasanni. Ƴan tseren keke na duniya suna shan kafe kafin gasa da saninsu, domin kafeyin yana rage jin gajiya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta cire shi daga jerin abubuwan da ta haramta tun 2004. Yana kai ƙololuwar aikinsa cikin jini tsakanin minti 30 zuwa awa ɗaya bayan sha, kuma miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin mutum ya isa a ga amfaninsa. Kofin kafen da ake haɗawa da garin kafe irin na mai shayi yakan ɗauki tsakanin miligiram 30 zuwa 90, gwargwadon nauyin hannun mai zubawa. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce a 2015 baligi mai lafiya ba shi da damuwa da miligiram 400 a yini, ko 200 a sha ɗaya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200 a yini. Kofi ɗaya na ɗan'uwanmu bai ko kusanci wannan iyaka ba.

Sai dai ina da abin da nake ja wa ɗalibaina kunne a kansa. Tunda kafeyin yana rufe gajiya, yana iya sa mutum ya ci gaba da taka feda a lokacin da jikinsa ke roƙon inuwa, kuma yana iya yiwuwa hakan ya taimaka wajen makararku. Na biyu, mu nan ba daga kafe kaɗai muke samun sa ba. Goro yana ɗauke da shi, shayin da ake dafawa sau uku a fada, wato majalisar hirar matasa, yana ɗauke da shi, haka lemunan gwangwani masu ƙara kuzari. Wanda ya kwana a fada yana shan shayi, barcinsa ya ragu saboda rabin kafeyin yana nan cikin jini bayan kusan awa biyar, sannan ya tashi da asuba ya ƙara kafe ya hau keke, ya riga ya fita da rauni tun daga gida. Mai hawan jini, da mai yawan bugun zuciya, da mai gyambon ciki, su tuntuɓi likita kafin su mayar da shi al'ada. Kuma don Allah a san hannun wanda ake saya, domin kafen da aka jefa wa ƙwaya irin tramol wani bala'i ne dabam, bai shiga wannan lissafi ba.

Idan kana son ka san gaskiyar jikinka, ka hau sikeli kafin ka fita da kuma bayan ka dawo, ba tare da jiƙaƙƙen kaya ba. Kowane kilo da ya ragu kamar lita ɗaya ce ta ruwa, sai ka haɗa da abin da ka sha a hanya.

Ɗan Bagalam:

Na gode ƙwarai, Baba da Malama da Malam, Allah Ya saka da alheri. Na jinkirta amsa ne don in gwada tukuna. Jiya na sha kafena kamar kullum, na ƙara da kofi biyu na ruwa, muka je Tibiri muka dawo kafin ƙarfe tara. Na shanye lita ɗaya a hanya, amma duk da haka sikeli ya nuna na ragu da kusan rabin kilo, a tafiyar da ba ta kai rabin ta Madarunfa wahala ba. Kaina bai yi ciwo ba. Abin da ya rage mini shi ne, a doguwar tafiya ruwa zalla ya isa, ko sai na haɗa da wani abu?

Ma'aikaciyar Jinya:

Madalla da ka gwada. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba, ruwa zalla ya wadatar. Idan za ta kai awa biyu ko uku cikin bazara, gumi yana tafiya da gishiri mai yawa, kuma ɗura ruwa zalla fiye da kima ba tare da gishiri ba shi ma yana da nasa haɗarin. Ka tanadi gora biyu, ɗaya ta ruwa, ɗaya kuma ta ruwan gishiri da sukari irin wanda muke koya wa iyaye mata: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka riƙa kurɓa kowane minti 15 zuwa 20, ka sa dabino a aljihu, kuma ku tsara tafiyar Madarunfa yadda za ku kasance a gida kafin ƙarfe goma, ko ku ɗage ta zuwa faɗuwar damina.

Ka kuma sanar da abokan tafiyarka wannan: idan ɗayanku ya fara sambatu, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko ya yi ta amai, ko ya suma, abin ya wuce ƙishirwa, zafi ne ya buge shi. Ku kai shi inuwa, ku rage masa tufafi, ku jiƙa masa jiki da ruwa kuna yi masa fifita, kada ku ɗura masa komai a baki idan ba ya cikin hayyacinsa, sannan ku tare abin hawa na farko da ya zo ku kai shi asibiti mafi kusa.