Yau 13 ga Fabrairu, ba wanda ya tuna da Murtala

Ɗan Kurmi: Jama'a, yau ce ranar da yaran Laftanar-Kanar Dimka, jagoran yunƙurin juyin mulki, suka buɗe wa motar Janar Murtala wuta a Legas a 1976, amma tun asuba ba wanda ya ko ambace shi a zauren nan. Gobe kuwa za ku cika mana waya da furen ranar masoya. Mutumin da cikin wata shida da 'yan kwanaki ya mayar da jihohi 12 suka koma 19, ya zaɓi Abuja, ya tsaya wa Angola Amurka na hararar sa. Shahidi guda, an bar shi a jikin naira ashirin da ko ruwan leda ba ta saye!

Bazazzagi: Allah ya jiƙansa. Amma "shahidi" fa? Wa ya ba ka wannan hukuncin?

Ɗan Kurmi: Ranar Juma'a aka kashe shi, babu jerin gwano, babu jiniya, yana cikin cunkoso kamar kowa. Me kake so a kira shi?

Malam Na Soro: Wanda aka kashe da zalunci ana yi masa fatan shahada. Yankewa kuma ta Allah ce. Ka ce "muna masa fata", shi ke nan.

Yaya Babba: Ku da kuke rabon shahada, ma'aikata sama da 10,000 da ya sallama nan take, wasu ba a ko ji ta bakinsu ba, su kuma wane suna za ku ba su? Ba na ma son ɗauko zancen kisan fararen hula da ake zargin dakarunsa sun yi a Asaba a 1967.

Ɗan Kurmi: Yaya, ai kin riga kin ɗauko. Yaƙi ake yi lokacin.

Bazazzagi: Da Bakatsine ne ko Bazazzagi, wallahi da ba ka ce shahidi ba. Kuma kar ka manta, Kwalejin Barewa ta Zariya ce ta raine shi.

Ɗan Kurmi: To a Zariyar aka binne shi? Zo Kano in kai ka kabarinsa.

Na Minna: Wai Abujar da kuke ta faɗa, a takarda ya bar ta. Sai 1991 Babangida ya kwashe gwamnati daga Legas.

Bazazzagi: Ga wani kuma! Ana ga yaƙi kana ga ƙura.

Na Minna: Kai ne ƙurar. Tun da ka shigo zauren nan ban da gyaran Hausar mutane me ka taɓa kawowa?

Malam Na Soro: Ku ji tsoron Allah, mamaci ake magana a kai.

Shugaban zaure: To, ya isa. Abin da na fahimta, kowa ya yarda Janar shahidi ne, Malam ma ya tabbatar, sai mutum ɗaya da matsalarsa da Kano ce, ba da tarihi ba. Maganar Yaya ba yau ce ranarta ba. Na Minna, ka goge saƙonka na ƙarshe. Na rufe zauren sai bayan la'asar.