Muhawara: Wai har yanzu akwai tambayar da ta gagari kwamfuta?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun muna aji uku aka dasa mana cewa babu manhajar da za ta iya duba kowace manhaja ta faɗi ko za ta tsaya ko za ta yi ta juyawa har abada, wato matsalar tsayawa. Ni dai ina ganin zamanin maganar nan ya wuce. Alan Turing ya yi rubutunsa a 1936, kafin a ƙera irin kwamfutocin da muka sani. Yau ƙirƙirarriyar basira tana karanta manhaja ta nuna maka inda ka yi tuntuɓe, ga kwamfutar kwantam, sabon nau'in kwamfuta mai aiki da dokokin ƙwayoyin zarra, tana tafe. Shekara tara ina wannan sana'a, ban taɓa cin karo da matsalar ba.

Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Ni kam na ci karo da ita makon jiya. An ba mu aikin lissafin Collatz: idan lamba cika ce a raba ta biyu, idan mara ce a ninka ta uku a ƙara 1, a yi ta yi har a sauko kan 1. Na gwada 27, ta hau har 9,232 kafin ta sauko, mataki 111. Da na sa wata ƙatuwar lamba sai allon ya yi tsit. Fankar kwamfutar tana ta huci, wuta ta ɗauke, caji ya koma kashi 12, ni kuma ina zaune a ɗaki ban san ko aiki take yi ko ta maƙale ba. In kashe, wataƙila saura minti ɗaya ta gama. In bari, wataƙila sai tashin duniya.

Injiniya: Ƙanwata, wannan ai kuskure ne a rubutunki. Da kin turo mini da na gano shi.

Auta: Haka ne Yaya, lambar ce ta fi ƙarfin gurbin da na ware mata. Amma ko na gyara, har yau babu wanda ya tabbatar cewa kowace lamba za ta sauko kan 1.

Dakta: Injiniya, hujjar ba ta jingina da saurin inji ba, shi ya sa sabon inji ba ya rushe ta. Mu ƙaddara kana da manhaja, mu kira ta Alƙali. Duk manhajar da aka kawo gabanta, tana yanke hukunci daidai: za ta tsaya, ko ba za ta tsaya ba. Sai ni kuma in rubuta wata 'yar ƙarama, Mai Gardama. Aikinta ɗaya: ta kai kanta gaban Alƙali ta ji hukunci, sannan ta yi akasinsa. In an ce za ta tsaya, ta shiga juyi marar ƙarshe. In an ce ba za ta tsaya ba, ta tsaya nan take. To wane hukunci Alƙali zai yanke ya zama gaskiya? Babu. Ke nan Alƙalin da ba ya kuskure a kan kowace manhaja bai samuwa. Ƙirƙirarriyar basira ita ma manhaja ce, ka ɗora ta a kujerar Alƙali, Mai Gardama za ta yi mata abin da ta yi wa na farko. Kwantam kuwa sauri take ƙarawa a wasu ayyuka, kamar hanyar Peter Shor ta 1994 ta farfasa manyan lambobi, amma duk abin da ta lissafa kwamfutar gida ma za ta lissafa in an ba ta isasshen lokaci.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma Mai Gardama ai da gangan aka ƙera ta don ta kunyata Alƙali, babu kamfanin da zai biya kuɗi a rubuta masa irinta. Na biyu, injin Turing, wato kwamfutar da ya ƙaddara a kan takarda don hujjarsa, yana da ma'adana marar iyaka. Tawa gigabait 16 ce. Yanayin da za ta iya shiga ƙidayayye ne, dole ko ta tsaya ko ta maimaita wanda ta taɓa shiga. In ta maimaita, an kama ta. Ina gagarar take?

Hajiya: Wannan ta biyun gaskiyarka ce a kan takarda, ba zan yi maka musu ba. Amma ka ƙirga. Bit 300 kawai (kowane bit 0 ne ko 1), wanda bai kai harafi arba'in ba, yanayin da zai iya ɗauka ya fi yawan ƙwayoyin zarra da aka ƙiyasta suna cikin sararin da ake iya hange. Kai kuma gigabait 16 kake magana. Wa zai zauna jiran maimaicin?

Ta farkon ce ta taɓa ni, don a nan nake cin abinci. Aikina duba manhaja kafin a sake ta. Kayan binciken da muke amfani da su kullum sai sun yi mana kururuwar banza: ka buɗe da safe ka tarar da jan rubutu sun cika allo, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har azahar, yawanci lafiya lau ne. Da ina zargin maƙeransu da ganda. Sai da na karanta ƙa'idar Henry Rice ta 1953 na sauke musu laifi. Ta ce duk wata tambaya a kan abin da manhaja take aikatawa, muddin wasu manhajoji suna da siffar wasu ba su da ita, babu hanya guda da za ta amsa ta daidai a kan kowa. Haka Fred Cohen ya nuna a shekarun 1980 cewa babu manhajar da za ta kama kowane bairos ba kuskure. Dole ka zaɓa: ko ka yarda wani ɓarawon ya wuce, ko ka riƙa tare masu gaskiya, ko wani lokaci ka ce ban sani ba. Ka ci karo da matsalar, Injiniya, sunanta ne ba a rubuta maka a allo ba.

Injiniya: To Hajiya, ina kika ajiye Terminator da masu bincike na Microsoft suka yi, mai tabbatar da cewa manhajojin da ke tuƙa na'urori za su tsaya? Ko Astrée da aka duba manhajar jiragen Airbus da ita?

Dakta: Madalla da ka kawo su, don nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa ta ɗaya ɓangaren. Turing bai ce ba a iya yanke hukunci a kan ko manhaja ɗaya ba. Dubbai ana yanke musu. Kayan da ka ambata suna da amsa ta uku a aljihu, in abu ya fi ƙarfinsu sai su ɗaga hannu. Binciken da ake yi yau ke nan: a ina iyakar take, wane yanki ne ke yankuwa? Lissafin tarawa zalla, ban da ninkawa, Presburger ya nuna a 1929 yana yankuwa, kodayake Fischer da Rabin sun nuna a 1974 cewa lokacin da yake ci na fitar hankali ne. Ka shigo da ninkawa, ƙofa ta rufe. Matsala ta goma cikin waɗanda David Hilbert ya jero a 1900 tana neman hanyar gane ko lissafin daidaito yana da amsa cikin cikakkun lambobi. Shekara 70 ana fama, sai a 1970 Yuri Matiyasevich, yana ɗan shekara 22, ya ƙarasa aikin Martin Davis da Hilary Putnam da Julia Robinson, ya nuna hanyar ba ta samuwa.

Auta: Malam, to ƙananan manhajoji fa? Su ai da sauƙi.

Dakta: Ba kamar yadda kike zato ba, 'yata. Tibor Radó ya tambaya a 1962: cikin injinan Turing masu yanayi kaza, wanne ya fi daɗewa kafin ya tsaya? Masu yanayi huɗu, mataki 107. Masu biyar, 47,176,870. An gano injin a 1989, amma sai a 2024 wata ƙungiyar masu sa kai ta intanet ta tabbatar babu wanda ya wuce shi. Cikin masu shida kuwa an sami wanda tsayawarsa ta rataya a kan tambaya mai kama da Collatz ɗinki.

Injiniya: Na janye batun kwantam da na ma'adana. Amma ina nan kan bakana cewa manhajojin da mutane ke rubutawa don aiki, ƙirƙirarriyar basira za ta iya da kusan dukkansu.

Hajiya: "Kusan" ɗin nan ita muke ta faɗa maka tun ɗazu. Ga gwaji: layi goma sha biyar sun isa a rubuta manhajar da za ta bi cika tun daga 4, ta tsaya ranar da ta sami wadda ba jimlar lambobi biyu marasa rabuwa (irin 3, 5, 7, da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu) ba ce. Ka ba basirar taka ta ce za ta tsaya ko a'a, da hujja. In ta amsa, ta warware hasashen Goldbach da ke ajiye tun 1742.

Auta: Bari in rubuta ta yanzu in turo, wuta ta dawo. Yaya, kai za ka miƙa mata.

Injiniya: Turo, ina jira.